Ranar Da Mahaifiyata Ta Tare Wa Aji Hanya

Shekarun baya, lokacin 'yata ta fari tana aji biyu na firamare, mahaifiyata ta zo ta zauna da mu a Woodbridge, a Amurka. Mun sha fama kafin ta yarda ta hau jirgi. Sai da abin nan ya faru a garinmu, da 'yan bindiga suka shiga makarantar kwana ta 'yan mata suka kwashe yara, cikinsu har da 'yar ƙanwarta da ta riƙe tun daga yaye. Yarinyar ta dawo bayan watanni, alhamdu lillahi, amma Inna ba ta koma daidai ba. Ƙannena suka ce ba ta barci, abinci ma sai an yi da gaske. Na ce a turo min ita ta huta, a nan babu abin da zai tayar mata da hankali. Ku riƙe wannan maganar tawa, za ku ga inda ta kai ni.

Ni ne ɗanta na fari, ita kuwa mutuniyar zamanin da ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai" ne, ko "wannan", in ta matsu ƙwarai ta ce "baban takwara", don sunanta na sa wa 'yata. Duk kunyar da take yi da ni sai ta fanshe a kan yarinyar. Ɗaya ba ta jin Turanci sai abin da ba a rasa ba, ɗaya tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, kuma a haka suke raba dare suna hira. Inna ta gyaɗa kai, yarinya ta ci gaba da zuba. Na taɓa tambayar Inna ko tana gane abin da ake gaya mata, ta ce, "Ina ruwanka? Tsakaninmu ne."

Makarantar ba ta da nisa da gidanmu, don haka Inna ta ɗauki kai yarinya da ɗauko ta a matsayin aikinta. Ranar farko da na raka ta don ta ga hanya, muka zagaya bayan babban ginin, na nuna mata ajin takwararta. Unguwar ta cika da sababbin gidaje, yara sun fi ƙarfin azuzuwa, sai aka kawo irin ginin nan da ake ƙerawa a masana'anta, a ɗauko shi a mota a zo a ajiye. Dogo ne, fari, da ɗan matakalar katako a ƙofarsa. Mutanen nan tirela suke ce masa.

Inna ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta sunkuya ta leƙa ƙarƙashinsa.

"Wannan ai kwantena ce," ta ce. "Irin ta masu sayar da katin waya. Duk kuɗin Amurka a nan ake sa yara?"

Ni kuwa injiniya, an taɓo inda yake yi min ƙaiƙayi. Na gyara tsayuwa na shiga lacca. Na ce ciki akwai wuta, akwai ruwa, akwai na'urar sanyi da ta ɗumi, allo ma na zamani. Na ce a can masana'anta ake gama komai, har fenti, rana ɗaya a zo a haɗa. Na ce ai jami'o'i ma da shi suke yin ɗakunan kwanan ɗalibai. Na tuna mata ajin firamarenmu da aka yi shekaru ana aikin gayya, bulo yau, kwano baɗi, har muka gama makarantar ba a sa masa taga ba. Har na gaya mata ina tunanin wata rana in kai irin wannan aikin gida. Ta bar ni na kai aya.

"Ina tushensa?" ta ce.

Na ce ba ya buƙatar tushe irin wanda ta sani, a kan ginshiƙai yake zaune.

"Uhm. Abin da ya zo da ƙafarsa ai da ƙafarsa zai tafi."

Na yi dariya, har da dare na ba matata labari muka sake darawa. Duk da haka Inna ta saba da wurin. Ta san tagar da takwararta take zama kusa da ita, don yarinyar ta manna wata fulawar takarda mai ruwan ɗorawa a jikin gilashin. Kullum in lokacin tashi ya yi, a ƙarƙashin wata bishiya take tsayawa, idonta a kan wannan tagar.

Da rani ya zo aka yi hutu, muka sa yarinyar a karatun hutu a makarantar, a wannan ajin dai. A lokacin an gama sabon ginin da ake ƙarawa, aka sanar da iyaye cewa daga Litinin yara za su koma ciki, tirela kuma za a kwashe. A ranar Litinin ɗin ce aka shirya kai ajinsu gidan tarihi a cikin Washington, a can za a ba su abinci. Ni da matata mun sani. Yarinya ma ta kwana tana ba kakarta labarin tafiyar da Turanci, Inna tana gyaɗa kai yadda ta saba. A wurinmu duk wannan ba labari ba ne da za a zauna a fassara. Da sassafe matata ta ce, "Inna, yau ni zan sauke ta, ki huta," ta kai ta, ta wuce asibitin da take aiki. Ni na bi jirgin ƙasa zuwa ofis.

Wajen hantsi Inna ta ga kular abincin yarinyar a kan tebur, wayam. A lissafinta an manta ne, kuma takwara za ta wuni da yunwa. Ta dafa shinkafa da wake, ta zuba mai da yaji, ta zura hijabi ta kama hanya.

Ina cikin taro wayata ta yi ƙara, lambar makaranta. Na fita na ɗauka. Matar da ke zama a ofishin makarantar ce, wadda ta san Inna da gani. Ta ce kada in tsorata, 'yata lafiya lau, amma mahaifiyata tana tsaye a tsakiyar hanya gaban babbar mota ta ƙi matsawa, ga 'yan sanda a wurin. Ban gama fahimta ba ta miƙa wa Inna wayar.

Sai na ji sunana.

Sunana na yanka, cikakke, a bakin Inna. Wallahi sai da na dafa bango. Na haura shekara arba'in a duniya ban san yadda yake fita daga bakinta ba, sai ga shi ta faɗa har sau biyu, da wata murya da ban san ta da ita ba.

"Sun ɗora ajin a mota," ta ce. "Sun rufe shi ruf da leda. Za su tafi da su."

"Inna, babu kowa a ciki. Yara sun tafi gidan tarihi, tun da safe, a bas. Ajin ne kawai za a mayar."

"Ka gan ta da idonka?"

"A'a, amma Inna..."

"To."

Ta mayar wa matar wayarta. Na kira matata, wayarta tana kulle a kabad ɗin ajiya, tana ɗakin marasa lafiya. Matar ofis ta ce sun nemi malamar ajin ba ta ɗaga ba, da alama suna inda ake sa a kashe waya. Jirgin da zai mayar da ni gida kuma sai yamma. Na tsaya a baranda kamar an dasa ni, sai ga abokina, wani ɗan kudancin Kaduna da muke aiki tare, ya leƙo ya ga fuskata. Bai tambayi komai ba sai da ya ɗauko makullin motarsa.

Duk wanda ya san babbar hanyar nan mai lamba 95 ya san ba ta da amana ko da rana tsaka. Muna tafe muna tsayawa, ni kuwa bakina bai huta ba. Ina ta faɗin abin kunya ne, me maƙwabta za su ce, yaya za a kalli yarinyar gobe a makaranta. Gaskiyar magana tsoro ne ya cika min ciki, surutun na rufe shi ne kawai. Tsohuwa baƙar fata, cikin hijabi har ƙasa, ba ta jin abin da ake gaya mata, a gaban ɗan sanda, a ƙofar makarantar yara. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san abin da zuciyata take nuna min. Abokina dai tuƙi kawai yake, sau ɗaya ya ce, "Ka yi addu'a, ka bar maganar maƙwabta."

Da muka shawo kwanar makarantar, abin da na gani har yau yana idona. An raba ajin gida biyu a tsaye. Rabi yana ƙasa a buɗe, babu komai ciki sai wayoyi suna reto. Ɗaya rabin yana kan wata doguwar mota, an ɗaure shi da sarƙoƙi, an lulluɓe ɓangaren da aka yanke da farar leda mai kauri, ƙofar kuma an buga mata katako. A jikin taga ɗaya, can sama, ga fulawar takardar nan ba a cire ba. Motar 'yan sandan da ta zo yi wa kayan rakiya tana gefe fitilunta suna walƙiya. A gaban wannan ƙatuwar mota kuwa, ga Inna, 'yar mitsitsiya, takalmi ƙafa ɗaya. Hannu ɗaya ta ɗora a kan ƙarfen gaban motar. Ɗaya hannun yana cikin hijabi, ta rungume wani abu a ƙirji.

Wannan hannun ne ya kusa tsayar min da numfashi. Ɗan sandan yana tsaye ɗan nesa da ita, mutum mai haƙuri, Allah ya sani, amma idonsa a kan hijabin yake. Da na ce ni ɗanta ne, abin da ya fara ce min shi ne tun ɗazu yake roƙonta ta nuna abin da ta riƙe. Matar ofis tana ta ce masa ta san ta, kakar wata yarinya ce, kullum tana zuwa. Na matsa a hankali, hannuwana a fili.

"Inna, mene ne a hannunki?"

"Abincin takwara."

"Ba ni."

Ta fito da kular. Na buɗe a gaban kowa, ƙamshin wake da yaji ya tashi. Na ga kafaɗun ɗan sandan sun sauka.

Shugaban ma'aikatan da suka zo kwashe ajin ya matso, fuskarsa ta yi ja da rana. Ya ce kaya mai faɗi irin wannan akwai lokacin da aka yarda ya hau titi, in ya wuce sai gobe, ga mutanensa a tsaye. Ɗan sandan ya ce ba ya son ya taɓa ta, amma in ba ta matsa ba dole ya ɗauke ta daga wurin. Na koma kan Inna na shiga magiya. Na rantse mata, na ce ga hukuma ta faɗa, ga makaranta ta faɗa, ga ni ɗanta na faɗa. Ko kallona ba ta yi ba. Raina ya fara ɓaci, na kai hannu zan kama nata.

Sai na ga abokina ya wuce ni. Ya cire hularsa, ya rusuna ya ce, "Mama, sannu da tsayuwa." Ya juya ya tsaya kusa da ita, shi ma ya ɗora hannu a kan ƙarfen motar. Na ce masa, kai kuma lafiya? Rura wuta ka zo yi?

"Kai dai ka manta daga inda ta fito," ya ce. "A buɗe mata kawai. Ko uwata ce ba za ta matsa ba."

Da digirina da komai, na share hanya guda ina tunanin yadda zan rabo ta da gaban motar, ban taɓa tunanin a buɗe mata ba. Na je wurin shugaban ma'aikatan. Da farko ya ƙi, ya ce in an yanka ledar sai an sake rufewa, kuma ba a yarda kowa ya hau kaya bayan an ɗaure ba. Sai na gaya masa gaskiya. Na ce a garinmu an taɓa zuwa makaranta an kwashe yara, cikinsu har da wadda matar nan ta riƙe tun daga yaye. Ya dube ni, ya dubi Inna, ya dubi ɗan sandan. Ɗan sandan ya kawar da kai gefe kamar yana duba wani abu a sama. Mutumin ya zaro wuƙa daga aljihu ya ce a kawo tsani.

Na ce bari in hau in duba mata. Inna ta ce, "Matsa." Matar da ke kukan gwiwa in za ta hau benen gidanmu, ita ce ta tattare hijabi ta taka tsanin nan, ni a bayanta, abokina da ɗan sandan sun riƙe ƙasan. Ta kutsa ta inda aka yanka. Ciki duhu-duhu, zafi kamar tanda, babu kujera babu tebur. Ko makaho ya san babu kowa. Amma sai da ta bi shi lungu-lungu. Ta buɗe kabad ɗin bango ɗaya bayan ɗaya, ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin wurin wanke hannu, tana kira a hankali, "Takwara. Takwara." Ban taɓa jin abin da ya karya min zuciya kamar wannan kiran ba. Da ta gama ta je taga ta ɓamɓare fulawar takardar, ta sa a cikin hijabi, ta ce mu sauka.

Ta matsa gefe da kanta. Aka liƙe ledar, motar ta ja, muna tsaye muna kallon rabin ajin 'yata yana bin titi har ya sha kwana. Na bi kowa ina ba da haƙuri. Shugaban ma'aikatan ya ɗaga min hannu kawai, matar ofis kuma ta tsinto takalmin Inna a cikin ciyawa ta kawo mata.

Na ce to Inna, mu je gida. Ta ce in je, ita tana nan. Ta samu gindin bishiyar da ta saba tsayawa ta zauna a ƙasa, kula a cinya. Can malamar ajin ta kira, aka ba yarinyar waya, Inna ta ji muryarta ta ce alhamdu lillahi, amma ba ta tashi ba. Abokina ya koma ofis. Na zauna kusa da ita da rigar aiki da lakatayi a wuya, muna fuskantar filin da rabin ajin ya bari, ciyawar wurin ta mutu ta yi fari.

Sai ta fara, ba tare da ta dube ni ba.

"Ranar da aka kwashe su, da asuba na ji harbi. Na fita ko mayafi babu, na je ƙofar makarantar. Na tarar da masu kaki. Suka ce Hajiya ki koma gida, yara suna ciki, an kulle su a ɗaki don tsaro, komai lafiya." Ta gyara riƙon kular. "Na ce a bar ni in leƙa. Suka ce ba a shiga. Sai na koma. Har na ɗora wa 'yar ƙanwata ruwan wanka."

Ban taɓa jin wannan ba. Ƙannena ma ba su sani ba.

"Ashe a lokacin ko kogi ba su haye da su ba. Da na leƙa na ga wayam, da na yi kururuwa gari ya fito." Ta dubi filin. "Ko da ba a cim musu ba, da dai na yi."

Na ce, "Inna, ba laifinki ba ne."

"Ban ce laifina ba ne. Na dai ce komawa na yi."

Da la'asar bas ɗin ya shigo. Yara suka yi ta dirowa, can sai ga tawa da hular takarda a ka. Ta hango mu ta rugo, tana tambaya da Turanci ina ajinsu ya tafi. Na zaci Inna za ta rungume ta ta fashe da kuka. Ina! Ta kama fuskarta da hannu biyu, ta duba, ta shafa kanta zuwa kafaɗa, sannan ta haɗe rai.

"Ke, haka ake yi? Ki tafi yawon duniya ba sallama, ki bar tsohuwa da dakon abinci? Zauna ki ci."

Yarinyar da ta ƙoshi ta zauna a kan ciyawa ta ci shinkafa da wake mai sanyi, kakarta tana kallon kowace loma.

Har yanzu ina ganin amfanin irin waɗannan gine-gine, kuma in na wuce wata makaranta na ga an jera su, injiniyan da ke cikina yana yabawa. Amma na daina dariyar maganar tushe. Na ɗauko Inna daga garinmu ina ganin na raba ta da abin da ya same ta, kamar yadda ake ɗauke aji daga fili a bar wurin wayam. Ashe da kayanta ta zo, muna gida ɗaya ban sani ba, don ban taɓa zama na tambaya ba. Tun daga ranar, ko kantin unguwa za a kai yarinyar sai an gaya wa Inna da Hausa, dalla-dalla, ta maimaita.

Ta koma gida bayan shekara, da fulawar takardar a cikin jakarta. Muna waya duk Juma'a. "Kai, ya aikin?" take cewa, sai ta ce in ba ta takwara. Sunana kuwa ba ta sake kira ba tun daga ranar, kuma kullum roƙona Allah kada ya kawo abin da zai sa ta sake.